Wace Tsohuwar Sanda Ta Dace Da Sassaƙa Alƙalamin Tawada?

Duk wanda ya yi niyyar sassaƙa alƙalamin tawada da hannunsa a kan injin juyi, zaɓen sandar da zai yi aiki da ita shi ne rabin aikin, kuma ni dai a wurina babu kamar ebonait. Danƙon roba ne da ake dafawa da farar wuta mai yawa har ya sandare, wanda Nelson Goodyear ya yi wa rajista a Amurka a 1851, kuma da shi aka ƙera yawancin alƙaluman tawada kafin shekarun 1920. Yana yankuwa sumul a bakin ƙarfe, yana riƙe tiredin murfi ba tare da ya gutsure ba, tawada ba ta cin sa, kuma idan aka bi shi da sanfefa mai laushi aka goge, sai ya yi sheƙi mai zurfi da ɗumi a tafin hannu. Aibinsa biyu ne: yana warin ƙonanniyar taya lokacin aiki, sannan rana da ruwan zafi suna koɗar da baƙinsa ya koma ruwan ƙasa. A tsohuwar sanda wannan koɗewa a fata kawai take, yankan farko zai tafi da ita. Wanda bai sami tsohuwa ba, kamfanin Nikko Ebonite na Tokyo yana yin sabuwa har yau.

Kasin, wanda ake yi da furotin ɗin madara, yana da kyan gani, amma yana kumbura idan ya daɗe a ruwa. Bakelait kuwa, wani tsohon nau'in filastik mai tauri, saurin tsagewa ya yi masa yawa.

Seluloid, wani tsohon nau'in filastik, shi ne ke ɗaukar hankalin kowa, tun daga lokacin da kamfanin alƙaluma na Sheaffer ya fito da koren alƙalaminsa na seluloid a 1924, kuma gaskiya launinsa ba shi da na biyu. Sai dai haɗin kafur ne da nitroselulos, saboda haka yana kama wuta nan take. Dole a rage gudun injin, a riƙa hudawa kaɗan-kaɗan, a kuma kwashe ɓarɓashi kafin ya taru. A nan ne kuma maguɗi ya fi yawa. Tun da kamfanin Omas na Italiya ya rufe a 2016, ragowar sandunansa suka yi tsada, masu son banza suka shiga sayar da akirilik, wato filastik na zamani, da sunan tsohon seluloid. Ni kaina na taɓa biyan kuɗi masu nauyi ga wani ɗan kasuwa a intanet, sai da na ɗora sandar a kan inji, zare mai warin filastik ya fara fita, na gane an cuce ni, kuma abin ya daɗe yana yi mini ciwo.

Saboda haka kada a yarda da hoto. A murza sandar da ƙyalle har ta yi ɗumi a shinshina: seluloid na gaske warin kafur yake yi. A kankaro ɗan siririn ɓawo a ƙona a waje, zai tashi fau lokaci guda, alhali akirilik a hankali yake ci. Sandar da ke warin tsami, ko take da ƙananan tsagu kamar ƙanƙara a cikinta, ta fara ruɓewa, kuma iskar da take fitarwa za ta lalata na kusa da ita. Mai sayarwan da ya ƙi aiko da ɗan guntu don gwaji, a bar masa kayansa.