Shekara uku ina tace bidiyon biki da Hackintosh a Tudun Wada: ga abin da na gani

Duk wanda ya shigo shagona ya ga allon kwamfutata, sai ya leƙa ƙarƙashin tebur yana neman inda na ɓoye Mac ɗin. Abin da yake tararwa baƙin akwati ne mai fanka uku, ƙura ta sa raga ɗaya ta yi fari, irin wanda yara ke buga wasan ƙwallo da shi a gidan gem. Amma a allon ga tambarin Apple, ga Final Cut Pro, manhajar tace bidiyo ta Apple, a buɗe. Wani Alhaji da ya zo karɓar bidiyon ɗaurin auren ɗiyarsa ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Malam, wannan kuma jabu ce ko ta gaske?" Na ce masa, "Alhaji, gangar jikin ta kasuwa ce, ruhin ne na Apple." Ya yi dariya ya ce in dai aikinsa ya fita, ba ruwansa da asalinta.

Masu harkar suna kiran irin wannan haɗi Hackintosh: ka sayi kayan kwamfuta na gama-gari ka ɗaure da kanka, sannan ka ɗora mata macOS, babbar manhajar da Apple ya yi don injinansa kaɗai. Abin ya yiwu ne tun da kamfanin ya koma amfani da furosesa ta Intel a 2006, cikin Mac ya zama kusan ɗaya da cikin kowace kwamfuta. Na ɗaure tawa a tsakiyar 2022, kuma mutane da dama sun tambaye ni ko su ma su yi, shi ya sa na ga gara in faɗi abin da na gani sau ɗaya.

Sana'ata ɗaukar biki da tace shi: kamu, wunin biki, dina, walima, wani lokaci suna ko saukar karatu. A wurin maigidana na koyi aikin, kan tsohuwar iMac, da Final Cut. Da na buɗe nawa shagon sai na ga hannuna ya riga ya saba, kuma Final Cut ba ta hawa Windows. Kuɗin Mac mai ƙarfin aikina kuwa, ko ta hannu ce, ya fi ƙarfin aljihuna nesa ba kusa ba. Ƙanena da ke karatun kwamfuta ne ya ce, "Yaya, akwai hanya, amma fa sai ka ƙi barci." Kuma gaskiya ya faɗa.

Abu na farko da wannan aiki ya koya mini shi ne ba ka shiga kasuwa ka ce a ba ka mafi ƙarfi. Kana neman abin da ya yi kama da wanda Apple ya taɓa sakawa a injinsa ne. Muka zaɓi Intel Core i5-10400, mai ƙwaya 6, saboda ita ce zuriya ta 10, zuriyar da ke cikin iMac ta 2020, kuma ita ce ta ƙarshe da macOS ke gane sashen hotonta na ciki, UHD 630. Daga ta 11 zuwa sama wannan sashen ba ya aiki sam. Madabod ta Gigabyte ce B460, ram 32GB, ma'ajiya NVMe mai 1TB. Katin hoto kuwa AMD RX 580. A nan ne na yi doguwar muhawara da wani mai shago a Ahmadu Bello Way, wanda ya rantse mini cewa Nvidia ta fi, har yana cewa, "Oga, kar ka ɓata kuɗinka kan tsohon yayi." A Windows yana da gaskiya. Amma tun bayan sigar macOS ta 2017, High Sierra, katunan Nvidia na zamani ba su da direba a macOS, ko ka sayi mafi tsada, baƙin allo za ka gani. Ya dube ni kamar wanda ya zo sayen mota yana tambayar jaki.

Rabin kayan a nan Kaduna na samu, sauran sai da aka aiko mini daga Computer Village ta Ikeja ta motar dare. Katin hoton na hannu ne, kuma da muka buɗe shi muka ga man da ke kan ƙwayarsa ya bushe ya zama kamar alli. Da alama an yi haƙar kirifto da shi dare da rana kafin ya iso gare ni. Muka goge, muka shafa sabo, har yau yana aiki. Sa'a ce kawai, ba dabara ba.

Ɗaure kayan bai kai awa biyu ba. Sa manhajar ne ya ci mana kwana huɗu. Akwai wata ƙaramar manhaja mai suna OpenCore da ke tashi kafin komai, ita ce ke yi wa macOS shigar burtu, ta ce mata wannan akwatin iMac20,1 ce. Ana zuba ta a filash tare da wasu ƙananan direbobi da ake kira kext: Lilu wadda sauran ke dogara da ita, VirtualSMC mai kwaikwayon wata ƙwaya da ke cikin Mac ta gaske, WhateverGreen ta hoto, AppleALC ta sauti. Sai fayil ɗaya, config.plist, wanda kuskuren harafi guda a cikinsa ya isa ya hana injin tashi. Jagorar Dortania, wadda masu harkar suka rubuta a intanet, muka bi layi-layi, ƙanena yana karantawa a waya ni ina dannawa. A BIOS, wato saitin madabod, muka kashe Secure Boot da Fast Boot, muka kunna Above 4G Decoding. Muka kunna injin, farin rubutu ya yi ta zuba a baƙin allo kamar ruwan Agusta, sai ya tsaya cak. Mu ɗauki hoton layin ƙarshe, mu nemi ma'anarsa, mu gyara, mu sake. A dare na uku aka ɗauke wuta ana saura minti goma sha ɗaya a gama, muka koma farko. Tun ranar ban sake taɓa komai ba sai UPS na haɗe.

Da ta tashi ma ba a gama ba. macOS ba ta lissafa fiye da ƙofa 15 ta USB a kan mai sarrafawa ɗaya, kuma kowace ƙofa mai shuɗin baki biyu take ci a lissafin. Dole ka bi ramukan ɗaya bayan ɗaya, ka soka tsohon filash ka cire, ka soka sabo ka cire, ka rubuta wanda za a bari da wanda za a yafe. Ina durƙushe a bayan tebur da tocila a baki lokacin da ladan ya kira asuba. Sauti kuma sai da muka gwada lambobi kusan shida kafin sifika ta yi magana.

Daga nan fa sai daɗi, kuma ba zan rage mata komai ba. Shekara ɗaya da rabi ta yi tana aiki ba ta taɓa mutuwa a tsakiyar aiki ba. Bidiyon 1080p na kyamarori uku a jere tana jan sa ba gargada, 4K na waya ma haka. Bikin da a tsohuwar laftof ɗina nake barin sa ya kwana yana fita, yanzu kafin in je masallaci in dawo in sha shayi ya gama. Ga kuma abin da mai Mac ta yanzu ba shi da shi: ram ya yi kaɗan, na sayo na soka, ma'ajiya ta cika da bidiyon amare, na ƙara faifai biyu a cikin akwatin da sukurdireba. A wata na bakwai ta mayar da kuɗinta.

Amma abin da ya fi jawo mini kwastoma AirDrop ne, hanyar tura fayil tsakanin na'urorin Apple ba tare da igiya ba, abin da ban ma sa shi a lissafi ba. Na saka katin Wi-Fi na Fenvi T919, mai ƙwayar Broadcom irin ta cikin Mac. Ƙawayen amarya su zo da iPhone ɗinsu, kowace da guntun bidiyon da ta ɗauka a wurin kamu, maimakon WhatsApp ya tauye hoton sai su turo kai tsaye cikin daƙiƙa. Labari ya bazu a unguwa cewa "mai bidiyon nan yana karɓar AirDrop."

A kan wannan katin na ɗebo da zafi. A Satumbar 2023 sabuwar sigar macOS mai suna Sonoma ta fito, kuma a cikinta Apple ya daina tallafa wa waɗancan tsofaffin ƙwayoyin Broadcom. An rubuta wannan ko'ina, ni ne ban karanta ba. Wani daren Disamba, lokacin da biki ke hawa kan biki, na ga jan ɗigo yana cewa akwai sabuntawa, na danna. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma ni na fafe. Da safe babu Wi-Fi, babu AirDrop, ga uwar amarya tana tafe daga Malali da azahar. Na kira ƙanena a makaranta, ya ce, "Yaya, ba na ce kar ka taɓa ba sai na zo?" Akwai hanyar dawo da katin ta OpenCore Legacy Patcher, sai dai sai ka sassauta wasu matakan tsaron manhajar, ni kuma injin da ke ɗauke da hotunan matan mutane ban yarda in bar ƙofarsa a buɗe ba. Allah ya taimake ni ina da kwafin Ventura, sigar da ta gabaci Sonoma, a wani faifai. Wuni guda na yi ina komawa baya, Hajiya kuwa ta koma gida hannu Rabbana, ta faɗa mini abin da ta faɗa, kuma na cancanta.

Ranar na gane ainihin tsadar Hackintosh. Na bi masu gyaran kwamfuta uku, daga kusa da kasuwar Sheikh Abubakar Gumi har Kawo, kowanne ya ji bayanin sai ya ce, "Maigida, a sa maka Windows kawai mana." Ba laifinsu ba ne, ba aikinsu ba ne. Duk wanda ya ɗaure irin wannan injin shi ne bakanikensa har abada.

Sai maganar wuta, wadda mutanen Turai masu rubuta jagora ba sa tunawa da ita. RX 580 kaɗai kan ja har wat 185, furosesa 65, ga allo ga fankoki. In ana fitar da aiki a kan inbata, ina kallon batir yana sauka kamar ana zuƙe shi da tsinke. A Maris da Afrilu shagon kan koma tanda. Da hunturu kuwa duk mako biyu sai na fitar da akwatin waje na bi shi da bulowa, ƙura ta tashi har mai shayin gefe ya rufe tukunyarsa yana harara ta. Barcin injin ma bai taɓa daidaita ba, wani lokaci ta kwanta ta ƙi farkawa, sai na kashe wannan tsarin gaba ɗaya.

Akwai kuma abin da wasu ke kauda kai a kansa. Yarjejeniyar macOS ta hana ɗora ta a kan injin da ba na Apple ba. Wani kamfanin Amurka mai suna Psystar da ya riƙa sayar da irin waɗannan kwamfutoci ya sha kaye a kotu a 2009. Final Cut ɗina da kuɗina na saya, dala 299.99, amma wannan bai wanke ɗayar maganar ba. Wani malaminmu da na yi wa bayani ya ce mini sharaɗin da ka danna "na yarda" a kansa alkawari ne. Ban samu amsar da zan ba shi ba. Shi ya sa duk wanda ya ce in ɗaure masa ya biya ni, nake ƙi.

Yanzu kiɗan ma ya canza. Tun 2020 Apple ya koma ƙera tasa furosesa, daga M1, kuma a Yunin 2025 ya sanar cewa macOS Tahoe ce ta ƙarshe da za ta hau Intel. Tawa, da yake tana sanye da rigar iMac ta 2020, za ta iya hawa Tahoe, daga nan hanya ta ƙare. Tun kafin hakan ma na fara jin tsufanta. Final Cut Pro 11 ba ta sauka a Ventura. Masu ɗaukar da nake haya sun fara zuwa da kyamarorin Sony da Canon masu naɗar bidiyo a tsarin HEVC 10-bit 4:2:2, wanda katina da furosesata ba su iya warware shi da kansu, sai na yi awanni ina yin ƙaramin kwafi kafin in fara yanka. Abokina a Barnawa ya sayi Mac mini M4, wadda aka fitar a ƙarshen 2024 kan dala 599 da ram 16GB. Girmanta bai wuce kwanon sha ba, ba ta wuce wat 65 ko ta yi iya yinta, ƙaramin sola ya riƙe ta wuni. Na kai masa fayil ɗin da ke sa tawa tari, tasa ta ja shi ba ko gezau. Na yi shiru na sha lemon da ya ba ni.

To, ga wanda ya tambaye ni yau: in kana da tsohon injin Intel na zuriya ta 8 zuwa ta 10 a ajiye, kuma ɗalibi ne kai mai son taɓa Xcode, manhajar Apple ta rubuta manhajoji, ko ganin yadda cikin manhaja yake, gwada, za ka koyi abin da aji ba zai koya maka ba. In kuwa abincinka ne zai dogara da shi, kuma sabbin kaya za ka saya, kar ka fara. Ko da dala ta haura naira 1,500 a 2024, in ka tara kuɗin madabod da kati da ram da UPS da man janareta, ka zo gab da kuɗin Mac mini, ba tare da ka sa daren da za ka kwana durƙushe a bayan tebur a lissafi ba.

Ni dai na shiga adashi, kwasata tana zuwa bayan babbar sallah. Baƙin akwatin ba zan sayar ba. Yaron shagona ya riga ya sa masa ido, ya ce in na tashi in goge in sa masa Windows da DaVinci Resolve ya fara koyon gyaran kala. Filash ɗin OpenCore kuwa yana nan cikin durowa, naɗe a leda tare da takardar da na rubuta lambobin ramukan USB, har da ɗigon man gyaɗa na ƙosan da muka ci a dare na uku.