Gargaɗi: a kula da masu sayar da mataccen lagireto da sunan ingantacce

Jama'a masu mota, a yi hattara da wata damfara da ke yawo a harkar lagireto. Motarka ta fara zafi, sai a ce maka lagireton da ta zo da shi ya yi mata ƙanƙanta, a sa mata mai layin bututu biyu ko uku. Nan take a kawo wani yana ƙyalli, a ce sabo ne dal, ko kuma daga motar da ta yi haɗari aka ciro shi bai taɓa aiki sosai ba. Sau da yawa tsohon lagireto ne da wani ya yar, aka wanke, aka toshe ɓularsa, aka fesa masa fenti.

Ga yadda ake haɗa shi. Jikin lagireto siraran bututu ne a jere, da zara-zaran ƙarfe a tsakaninsu masu fitar da zafi. Idan bututu ya fashe, macucin ba ya gyara shi. Matse bakinsa yake yi ta sama da ƙasa, ya cike da gam. Yoyo ya tsaya, amma wannan bututu ya mutu, ruwa ba zai ƙara bi ta cikinsa ba. A kashe biyar ko shida haka, lagireton ya rasa wani kaso na ƙarfinsa alhali ido ba ya gani. Ƙananan ɓuloli kuma garin tsayar da yoyo ake zuba musu. Garin nan ba ya zaɓe: yana toshe ɓula, yana kuma toshe lafiyayyun bututu, har ya kai ga hita ta cikin mota.

Fenti shi ne babban mayafinsu. Lagireton alminiyum na motocin zamani yawanci ba a yi wa tsakiyarsa fenti mai kauri daga masana'anta. In ka ga ruwan azurfa ko baƙin fenti ya malale har kan robar gefe da wurin ɗaura ƙusa, wani abu ake ɓoyewa. Kankare kaɗan da farce a inda bututu suka shiga farantin sama da na ƙasa. Farin gari ko kore-kore alamar tsohon yoyo ne, abu mai tauri launin toka kuwa gam ne.

Sai tankunan roba da ke bakuna biyu na lagireton, inda ruwa ke taruwa. Ana riƙe su ne da ƙananan haƙoran alminiyum da aka lanƙwasa a kan zoben roba. Na masana'anta a jere suke, kansu ɗaya, kamar an auna da ma'auni. Wanda aka buɗe aka mayar, za ka ga sawun filaya, wani haƙori ya karkace, wani ya karye. Robar kanta tana tsufa da zafi: daga baƙi ta koma ruwan ƙasa, ta yi gautsi. Duba wuyan da tiyon sama ke shiga, domin nan ne ruwa mafi zafi ke faɗowa, kuma nan ne ya fi karyewa. Tankin da ya kai wannan hali babu gam ɗin da zai riƙe shi.

Masu mota mai giya otomatik su ne suka fi shiga haɗari. A yawancinsu akwai ƙaramin bututun sanyaya man giya a cikin tankin lagireto. Idan ya ruɓe ta ciki, ruwa da man giya su gauraye su zama kamar madara mai ja-ja, ruwan ya lalata faifan kuloci na cikin giya. Wanda ya yi murnar samun lagireto da araha sai ya wayi gari yana neman giya. Daga waje ba a ganin wannan lahani, dole a gwada layin man daban: a toshe baki ɗaya, a hura iska ta ɗayan, a ga ko zai riƙe.

A ɓangaren sababbi ma akwai wasa. Kwali ba shaida ba ne, ana buga sunan manyan kamfanoni irin su Denso ko Valeo a kan kwalin da abin cikinsa bai taɓa ganin masana'antarsu ba. Yawan layi ma ba shi ne sanyi ba. Layi biyu masu faɗin bututu kan fi layi uku masu ƙananan bututu aiki, kuma idan tsakiyar ta yi kauri fiye da ƙarfin fanka, iska ba ta ratsawa a cunkoso. Je da ma'auni ka auna kaurin tsakiyar da kanka. Wanda aka tallata a matsayin milimita 26 ya fito 16, ciniki ya ƙare. Masu sayarwa ta intanet da ke turo hoton wani su aiko da wani, kada a biya su duka sai kaya ya iso an auna.

Gwajin da ke tona asiri ba shi da wuya. A toshe bakunan tiyo, a tura iska daidai lambar da ke rubuce a murfin lagireton motar, wadda a motoci da yawa tsakanin 0.9 ne zuwa 1.1 a ma'aunin matsi da ake kira "bar". A nutsa shi a ruwa, ko a zuba wa agogon auna matsin iskar ido minti 10 zuwa 15. Kumfa ko saukar allura, yoyo ke nan. Bayan haka a cika shi da ruwa a buɗe bakin ƙasa: ya kamata ya zubo da ƙarfi, cike da baki. Sai a zuba ruwan zafi a shafa hannu a jikinsa, duk inda ya tsaya da sanyi bututun wurin a toshe yake. Mai kayan da ya ƙi a yi wannan a gabansa, ko ya ce sai an biya za a buɗe kwali, ya riga ya ba ka amsa.

Wani lokacin ma lagireton ba shi da laifi tun farko. Murfin da ya saki ya isa ya sa mota tafasa, domin matsin da yake riƙewa ne ke ɗaga tafasar ruwan daga digiri 100 zuwa wajen 120. Fanka da ba ta tashi, tamostat (abin da ke buɗe wa ruwa hanyar lagireto idan injin ya yi zafi) da ya maƙale, famfon ruwa da fuka-fukansa suka cinye, ko gasket na kan injin da ya ƙone yana tura hayaƙi cikin ruwa, duk alamarsu ɗaya. Bakaniken da bai duba waɗannan ba ya tura ka wurin wani mai kaya takamaimai, a yi tunanin ko akwai kasonsa a ciki.

Akwai kuma dabarar rufe ido bayan an ɗaura: a cire tamostat a jefar, a haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa tun daga kunna mota. Allurar zafin injin za ta kwanta ƙasa, ka ɗauka sabon lagireton ne ya yi aiki. Injin an gina shi ne ya yi aiki a wajen digiri 90, tamostat na buɗewa tsakanin 82 da 90 a yawancin motoci. In ya zauna da sanyi, shan mai ya ƙaru, injin ya riƙa ci da wuri, lahanin asali yana nan sai ranar hawan tudu da kaya. Kafin ka karɓi mota ka tambayi inda tamostat yake, a tsaya a gabanka a ga fanka ta tashi da kanta ta kuma tsaya. Ka karɓi tsohon lagiretonka ka tafi da shi, domin wanda aka bari a gareji shi ake yi wa fenti a sayar wa na baya.