Aliero, Kalgo ko Sakkwato: Ina Ɗalibin Kebbi Zai Sa Zaɓinsa Na Farko?

Ɗalibin da ya kammala sakandare a Jihar Kebbi yana da jami'o'i da dama kusa da gida, amma gurbin zaɓin farko a fom ɗin JAMB guda ɗaya ne, kuma yawancin jami'o'i ba sa waiwayar wanda ya sa su a matsayi na biyu. Don haka ya kamata ɗalibi da iyayensa su zauna su auna makin da yake iya samu da kwas ɗin da yake so, tun kafin a je cibiyar rajista.

Sharuɗɗan farko iri ɗaya ne a ko'ina. Ana buƙatar kiredit 5 a WAEC ko NECO ko NABTEB, ciki har da Turanci, da kuma Lissafi ga masu neman kimiyya da fasaha da fannonin zamantakewa, a zaman jarrabawa da bai wuce biyu ba, sannan a rubuta jarrabawar JAMB mai darussa 4 da jimillar maki 400. A shekarar 2025 hukumar ta tsayar da 150 a matsayin mafi ƙarancin makin shiga jami'a, sai dai wannan iyaka ce ta ƙasa kawai, domin kowace jami'a tana da ikon ɗaga nata, kuma kwasa-kwasan da ake rububi a kansu, irin su likitanci da lauya, suna neman maki mai nisa sama da haka.

Jami'ar jiha da ke Aliero, wadda aka kafa a 2006 kuma yanzu take ɗauke da sunan Abdullahi Fodiyo, ita ce ta fi buɗe wa ɗan asalin Kebbi ƙofa. Gwamnatin jiha ce ke da ita, saboda haka takardar shaidar asali daga ƙaramar hukuma tana da nauyi wajen rabon gurabe, kuma kuɗin rajistar ɗan jiha bai kai na baƙo ba. Yaron da ya fito daga Jega ko Argungu ko Yauri da maki matsakaici, yana neman aikin gona ko kimiyyar kwamfuta ko ilimin koyarwa, a ganina ya fi samun tabbaci a nan fiye da ko'ina. Amma fa jami'a ce ta kimiyya da fasaha, don haka wanda ya yi ajin adabi a sakandare zai ga kwasa-kwasan da suka dace da shi ba su da yawa. Shi kuwa mai neman injiniya sai ya tabbata ya haɗa Lissafi da Fiziks da Kemistri tare da Turanci a JAMB, domin kuskure a haɗin darussa yana hana gurbi ko da maki ya kai.

Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013 kuma mazauninta yake Kalgo, tana bin tsarin gwamnatin tarayya ne: kashi 45 cikin 100 na gurabe bisa cancanta, kashi 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 kuma ga jihohin da aka ɗauka a matsayin waɗanda ke baya a ilimin boko, kuma Kebbi tana cikinsu. Ma'ana ɗan Kebbi yana da ƙofa har uku, amma zai yi takara da ɗalibai daga ko'ina a Najeriya a kason cancanta. Wanda ke son fannonin zamantakewa da gudanarwa ya fi dacewa ya duba nan. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, wadda ta fara tun 1975, ta fi su tsufa da suna, kuma Kebbi tana cikin yankinta, sai dai cunkoson masu nema ya fi yawa, musamman a likitanci da haɗa magunguna da lauya. Ga mai sha'awar noma da kiwo kuma akwai Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke Zuru.

Abin da ke kayar da ɗalibai da yawa bayan fitowar sakamako shi ne sakaci da shafin CAPS, inda JAMB take tantance kowane gurbi tun 2017. Dole ne a ɗora sakamakon WAEC ko NECO a kai, a yi rajistar tantancewar da jami'a ke yi, sannan idan an ba da gurbi a shiga a danna amincewa. Wanda ya sa Sakkwato a farko ya ga makinsa bai kai ba, yana iya biyan kuɗin sauya makaranta ya koma Aliero, muddin ya yi hakan kafin a rufe tantancewa.

Idan kuma makin ya gaza gaba ɗaya, zaman gida a jira wata shekara ba shi ne kaɗai mafita ba. Shirin IJMB na Jami'ar Ahmadu Bello, wato karatun share fagen shiga jami'a, yana kai ɗalibi aji na biyu kai tsaye idan ya samu sakamako mai kyau, haka ma difloma daga Kwalejin Fasaha ta Waziri Umaru da ke Birnin Kebbi, ko takardar NCE daga Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie a Argungu. Hanyar NCE ta fi tsawo, domin shekara 3 ake yi, amma tana ba ɗalibi takardar da zai iya fara koyarwa da ita kafin ya nemi digiri.