Farin binegar: saƙo daga Pari zuwa Tawa

Yaya, ina gaisuwa, a gaida Inna da yara. Kin ce in aiko miki maganin goge-goge irin na Faransa. Wallahi abin da ya fi yi wa mutanen nan aiki yana nan Tawa kan teburin mai salati: farin binegar.

A kantunan nan can ƙasa ake jera shi cikin robar lita guda. Bai kai Yuro 1 ba, wato ƙasa da sefa 656, alhali ruwan feshi masu ƙamshi da ke samansa sun ninka shi kuɗi. Abin da ya burge ni, ƙarfinsa a rubuce yake a jiki: kashi 8 cikin 100 na ci da wanki, mai kashi 14 kuwa na goge-goge ne kaɗai. In za ki sayi namu, duba takardar jikinsa tukuna.

Ruwan famfon Pari cike yake da farar ƙasa. Butar lantarki ta yi ƴan makonni, sai gindinta ya yi farin ɓawo kamar ƙanzo. Rabi ruwa rabi binegar nake zubawa in tafasa, in bari ya huce. Sai ki ga ɓawon yana kumfa yana ɓarewa, don tsami na narkar da farar ƙasa. A ɗauraye sau biyu, shi ke nan. Bakin famfon da ya toshe kuma, leda ake ɗaura masa da binegar a ciki ya kwana. Kofunan shayi da firigo mai warin kifi duk yana yi musu.

Amma don Allah, Yaya, kar a haɗa shi da ruwan jabel, wato ruwan wankin nan mai sa tufafi su yi fari, ko a bokiti ko a makewayi. Haɗin yana tayar da iska mai guba da ke ƙona huhu. Ki ja wa yarinyar da ke taya ki aiki kunne. Kuma binegar ba ya kashe ƙwayoyin cuta kamar jabel, balle da damina. Kar ya kwana cikin tukunyar alminiyom, yana cin ta. Da kanwa kuwa kashe juna suke yi.

Baƙin gindin tukunya dai, ban ga abin da ya kai toka da yashinmu ba a nan.

Safar hannu ta roba zan saka miki a kaya, don tsamin na busar da fata. In an samu mai zuwa, a riƙo mini cuku.