Kayan goge bututun bindiga: me ya kamata ka saya a ƙasar ƙura?

Idan karabin, wato bindiga mai tsage-tsage a cikin bututu, ta fara watsa harsashi, alhali a da tana tara shi wuri ɗaya, mai ita yakan fara zargin harsashin, daga nan iska, daga nan idonsa. Abin da ba ya kawowa a rai shi ne waya ko guntun rodin da ya daɗe yana zura mata da tsumma. Mafarauci a Tawa ko a kewayen Yamai ba ya yin harbin da zai cinye bututu, domin harsashi da tsada, lokacin farauta kuma ƙayyadadde ne. A ganina yawancin bututun da suka lalace a hannunmu mugun goga ne ya ci su, shi da tsatsa. Saboda haka kafin ka ba da kuɗinka a kan kayan gyara, ka san wanne ke kare bututu, wanne ke cin sa.

Da masu bindigar farauta mai takarda nake magana, waɗanda suka nemi izinin riƙe makami wurin hukuma, suke kuma bin dokar farauta mai lamba 98-07 ta 29 ga Afrilu 1998.

Ka cire harsashi, ka duba mazauninsa da ido da yatsa, ka buɗe sakata, sannan ka sa guntun farar takarda a baya don ta kama haske, ka leƙa ta baki. A karabin za ka ga tsage-tsage suna murɗawa tun daga ciki har waje. Su ke sa harsashi ya fita yana juyawa, juyawar ce kuma ke riƙe shi a kan hanya. Zurfinsu kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita ne, bai fi kaurin takarda ba. Wuri biyu sun fi ko'ina saurin lalacewa: maƙogwaro, inda tsage-tsagen suka fara a gaban mazaunin harsashi, da kuma leɓen bakin bututu, inda harsashi ke rabuwa da ƙarfe. Idan leɓen ya ci ta gefe ɗaya, iskar albarushi takan riga fita ta wannan gefen, ta karkata harsashi tun bai bar baki ba. Dattin da ke taruwa a ciki kuwa kala uku ne: baƙin tokar albarushi, darma daga harsashin da ba shi da rigar jan ƙarfe kamar na ƙaramar karabin .22, da jan ƙarfen da rigar manyan harsasai ke shafawa. Ƙasarmu ta ƙara na huɗu, wato yashi. Hazon hunturu da ƙurar Adar ba sa barin komai, kuma da zarar sun gauraya da mai sun zama abin wasa wuƙa.

Sanda ce abin da ya kamata ka fi kashe wa kuɗi, ita ce kuma mutane suka fi rainawa. Wadda ake yawan gani ita ce mai gaɓa uku ko huɗu da ake ɗaurawa, ta alminiyom, a cikin ɗan akwati tare da buroshi. Tana da arha, tana shiga jaka. Amma alminiyom ƙarfe ne mai taushi, tsakuwar yashi takan nutse a jikinsa ta zauna, duk zurawar da ka yi tana kankarar bututun. Ka ɗaura gaɓoɓin ka bi da farce a kan mahaɗar: za ka ji ɗan tudu, domin ba kasafai suke haɗuwa daidai ba. Wannan tudun ne ke bugun tsage-tsage idan sandar ta lanƙwasa. Mai gaɓa ta baƙin ƙarfe, irin ta soja, ba ta riƙe yashi haka, sai dai taurinta ya kusa na bututun kansa, ita ma tana cin leɓe idan ta baki ake shigar da ita. Ta tagulla ta fi su dama-dama, amma tana saurin tanƙwarewa.

Wadda nake ba kowa shawara ita ce sanda guda, marar gaɓa, ko dai ƙarfe mai rigar roba irin ta kamfanin Dewey, ko ta zaren kabon irin ta kamfanin Tipton. Ka riƙe mariƙinta ka juya sandar da yatsa biyu. Idan ba ta juya a sake ba, ka ajiye ta, domin dole buroshi ya bi murɗin tsage-tsage, ba ya tsallake su ba. Tsakanin biyun, mai rigar roba tana buƙatar a share ta da ƙyalle bayan kowace zurawa, kuma idan rigar ta fara ɓarewa ta gama aiki. Ta kabon ba ta riƙe lanƙwasa, ba ta kuma kwasar yashi sosai, amma idan aka tilasta mata karyewa take yi, tsinin kuma yana iya shiga hannu. Don ƙurar da muke ciki na fi karkata ga ta kabon. Ka auna tsawon bututu har da mazaunin sakata kafin ka saya, sandar ta ɗara haka da kamar taƙi ɗaya. Kauri ma da muhimmanci: ramin .22 milimita 5.6 ne, na .30 milimita 7.62, na kalibar 12 kuwa, wato bindigar farauta mai faɗin rami, wajen 18.5. Siririyar sanda a babban rami lanƙwashewa take yi ta goga bango.

Akwai igiya, wadda aka fi sani da BoreSnake ta kamfanin Hoppe's: ɗan nauyi a kai, saƙaƙƙen jiki mai kauri, da gashin tagulla a tsakiya. A sako nauyin ta baya, a ja ta baki, cikin minti ɗaya an gama. Ga mai kalibar 12, wadda cikinta sumul yake ba tsage, igiya kusan ta wadatar, a daji kuma ba ta da na biyu. Aibinta shi ne dattin da ta kwaso jiya shi za ta mayar yau. A nan, inda igiya ke kwana a aljihu ko a kan tabarma, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Idan ka saye ta, ka ajiye ta cikin leda mai rufewa, ka riƙa wanke ta da sabulu tana bushewa sarai, kuma ka ja ta a miƙe, kada ta goga leɓe. Ka duba ɗinkin da ya haɗa siririn zaren da jikin. Idan ya fara sakewa ka yar, domin igiyar da ta tsinke a cikin ramin .22 sai mai gyara ya sha wuya kafin ta fito. Wayar goge bututu ta kamfanin Otis mai rigar roba ta fi ta a wannan fanni, tunda sabon ƙyalle ake sa mata kowane ja. Ita ce kuma mafita ga bindigar da ba a iya shigar mata da sanda ta baya.

Ɗan abin da ba a cika tambaya ba shi ne madaidaicin sanda, wani bututun roba da ake sawa a gurbin sakata. Yana riƙe sanda a tsakiya don kada ta goga maƙogwaro, yana kuma hana ruwan wanki zuba cikin kunama da katako. Kuɗinsa bai kai na sanda ba. Idan dole ta baki za ka shiga, ka nemi ɗan mazurarin tagulla mai kare leɓe. Sai ka kula da zaren ɗauri, wato murɗin da ake ɗaura buroshi a kan sanda da shi. Kayan Amurka na karabin yawanci zaren 8-32 gare su, na kalibar 12 kuma 5/16-27, na Turai kuwa nasu daban. Mutum ya sayi sanda daga nan, buroshi daga can, ya zo gida su ƙi shiga juna. Ka ɗaura su a gaban mai kanti, ko ka haɗa da mahaɗi.

Buroshi na tagulla shi ne na aikin yau da kullum: ya fi ƙarfen bututu taushi, yana kuma tayar da toka. Na nailan ana amfani da shi tare da ruwan cire jan ƙarfe, domin ruwan yana cin tagulla. Na baƙin ƙarfe ka bar shi a kanti idan karabin gare ka. Kada a juya buroshi baya yana tsakiyar bututu. Ya fita gaba ɗaya tukuna. Ƙyalle kuwa ba sai an yi odarsa ba. Ragowar farin yadin auduga daga wurin tela, a wanke, a yanka murabba'i daidai ramin, a zuba a kwalba mai murfi. Fari nake so don ka karanta abin da ya fito: baƙi toka ce, shuɗi ko kore jan ƙarfe ne, ja-ja kuwa tsatsa ta shiga. Ka murza ƙyallen farko tsakanin yatsu. Idan ka ji gurus-gurus, ka ci gaba da jiƙaƙƙen ƙyalle har yashin ya ƙare kafin buroshi ya shiga.

Wajen ruwan wanki da mai ne ake yawan asarar kuɗi, ko a saya da tsada abin da ba a buƙata, ko a yi arhar da ke ɓata bindiga. Hoppe's No. 9, wanda ake yi tun 1903, yana narkar da toka da kyau, yana taɓa jan ƙarfe kaɗan-kaɗan, amma ba man ajiya ba ne. Ballistol, da aka ƙirƙiro a Jamus a 1904, ya fi dacewa da mai son kwalba ɗaya: yana wanki daidai gwargwado, yana hana tsatsa, ba ya cutar da katako ko fatar rataya, yana kuma gauraya da ruwa ya zama fari kamar madara. Break-Free CLP ma aikin uku yake yi, wanki da santsi da kariya. Masu amoniya irin Sweet's 7.62 su ke cire jan ƙarfe da gaske, amma ba a barin su a ciki fiye da minti 15, a share tas a bi da mai. Mai .22 ko kalibar 12 ba ya buƙatarsu ko kaɗan. Ko mai babbar karabin, sai ya ga saiti ya fara buɗewa sannan ya nema.

WD-40, da ake samu a kusan kowane shagon kayan gyara, an yi shi ne a 1953 don korar ruwa, kuma nan ya fi amfani: ruwan sama ya doke ka a daji, ka fesa, ka share. A zafin Afrilu da Mayu, da ma'auni ke wuce digiri 40, saurin bushewa yake, ba a dogara da shi wajen ajiya. Man keken ɗinki siriri ne mai tsabta, yana rufin asiri idan babu wani. Sabon man inji yana hana tsatsa amma yana da kauri, yana kama ƙura. Baƙin man da aka juye daga mota kuwa cike yake da garin ƙarfe da toka, kada ya kusanci bindigarka. Man gyaɗa da man shanu daskarewa suke su zama danƙo. Isansi yana kwashe mai duka ya bar ƙarfe tsirara, ga hatsarin gobara a ɗaki.

Yawan man ma ya danganta da lokaci. Daga Nuwamba zuwa Mayu iska a bushe take, tsatsa ba ta da ƙarfi, ƙura ce abokiyar gaba: a shafa ƙyalle mai ɗan danshin mai sau ɗaya, a bi da busasshe. Da damina, musamman Agusta a unguwannin Yamai na bakin kogi, a bar siririn mai a ciki, a riƙa leƙawa kowane mako. Kowane lokaci ne, a share bututu ya bushe kafin harbi, domin mai a ciki yana ƙara matsi kuma yana kautar da harsashin farko. Toshe baki da tsumma, da mutanenmu suka saba, yana riƙe danshi ya haifar da zoben tsatsa a daidai leɓe, wanda aka manta a ciki kuma yana iya kumbura bututu ko ya fasa shi. Ɗan salatif na lantarki a kan baki ya isa tare ƙura a hanya.

Bindigogi uku suna da nasu hukunci. Bindigar toka ta gargajiya, da duk wadda ta harba tsohon harsashi mai barin gishiri, ruwan zafi take so a ranar, domin mai ba ya narkar da gishiri. A busar, sannan a shafa mai. Bindigar iska mai milimita 4.5 ba ta son ruwan wankin albarushi, yana cin robobinta, mai a ɗakin iskarta kuma yana iya kamawa da wuta saboda matsi. Busasshen ƙyalle jefi-jefi ya ishe ta. Ita kuma .22 ta fi son a ƙyale ta, yawan wanki ba ya ƙara mata saiti.

Idan kuɗinka kaɗan ne, ga yadda zan jera: sanda guda da madaidaicinta, buroshin tagulla biyu, kwalbar Ballistol ko CLP, igiya daga baya. Mai kalibar 12 ya fara da igiya da mai. Sandar katako mai santsi da kafinta zai fere masa ma tana yi, muddin ana share ta. Samun kayan a gida ba kullum ba ne. A kasuwar Katako ta Yamai za ka samu mai da leda da yadi, amma sanda mai kyau sau da yawa sai an yi saƙo. Idan ɗan'uwa zai taho maka da kaya daga Faransa, ka ce ya kawo sanda da buroshi da madaidaici. Ruwan wanki mai kama wuta da gwangwanin fesawa ba a yarda da su a kayan jirgi ba. Ka rubuta masa kalibar da tsawon bututu a takarda, kada ka bar shi da kintace.

Bayan wanki mai zurfi, harbi biyu ko uku na farko sukan sauka ɗan nesa da inda aka saba, har sai bututu ya sake ɗaukar 'yar toka. Don haka kada ka taɓa saitin madubi a kan harbin farko, kuma kada ka yi babban wanki a daren da za ka fita da asuba. Ka yi shi kwana biyu kafin nan, ka gwada a wuri mai tudu a baya inda ba mutane ba dabbobi, sannan ka rufe bakin da salatif.