Ɗakin Inna da ɗakunan tsofaffi a Ingila

Yaya, bayan gaisuwa da fatan an yi girbi lafiya, na samu saƙonka cewa kana so a fitar da tsofaffin kayan ɗakin Inna a zuba mata sababbi da kuɗin da na aiko. Kafin ka shiga Kano sayayya, ina roƙonka ka ji abin da idona ya gani a gidan kula da tsofaffi da nake aiki a Bamingham, tun bayan da ƙasar nan ta buɗe wa masu irin aikinmu ƙofar biza a 2022.

Ta fuskar kayan aiki sun yi mana nisa. Gadon mai jinya da lantarki yake aiki, ana danna maɓalli ya ɗaga kai ko ƙafa, katifar kuma iska ce ke zagayawa a cikinta domin kada doguwar kwanciya ta buɗe wa tsoho gyambo a baya. Akwai na'urar ɗaga wanda ba ya iya tashi, akwai ƙararrawar kiran ma'aikaci kusa da hannu, sannan CQC, hukumar da ke sa ido kan ingancin kulawa, tana zuwa duba gidajen. Sai dai kuɗin ɗaki guda yakan haura fam 1,000 a mako, kuma wanda dukiyarsa ta wuce fam 23,250 shi ke biya wa kansa, har wasu sukan sayar da gidan da suka tsufa a ciki. Ɗakin da ake biya wa wannan kuɗi bai fi na Inna girma ba, kuma ranar da aka shigo da mutum babu komai nasa a ciki.

An kawo mana wata dattijuwa Musulma, 'yar asalin Pakistan, mai ciwon mantuwa. Kwanakin farko ta ƙi abinci, kullum tana zaune a bakin ƙofa rungume da jakarta tana cewa a mai da ita gida. 'Yarta ba ta sayo sabon abu ko ɗaya ba. Ta kawo tsohon bargon uwar wanda launinsa ya koɗe, da kofin da take shan shayi, da hotunan jikoki da ta liƙa daidai inda ido zai sauka idan an kwanta, sannan ta juya kujera ta fuskanci alƙibla, wadda a nan take kudu maso gabas. Dokokin gidan sun ɗaure mata hannu ƙwarai. Ba a kunna turaren wuta saboda na'urar jin hayaƙi, don haka sai ta riƙa shafa ɗan turare a gefen matashi. Ba a barin darduma a ƙasa don gudun tuntuɓe, sai ta rataye ta a hannun kujera inda uwar za ta riƙa shafa ta. Ko rediyo sai da aka gwada lafiyar wayarta kafin a yarda a jona ta. Da yamma na shiga da abinci, na tarar da tsohuwar ta ajiye jakar a ƙasa tana jan carbi, kuma ranar ta ci abin da na ba ta.

Abin da wannan baiwar Allah take wahalar haɗa wa uwarta kaɗan-kaɗan, shi ne Inna take kwance a cikinsa. Gadon ƙarfenta mai rumfa, jeren kwanukan da aka kawo ta da su, akwatin da take ajiye zannuwanta, randar da ke bayan ƙofa, kaskon turarenta, ko a cikin duhu ta san wurin kowanne, kuma yanzu da ganinta ya yi rauni wannan sanin shi ne sandarta. Idan aka kwashe su rana ɗaya, ina tsoron ta zama baƙuwa a ɗakin da ta haife mu.

Saboda haka a bar gadon, a canza katifar kawai da mai kauri, a sa sabon gidan sauro. A nemo kujerar bayan gida mai hannuwa domin dare, da fitila mai cajin rana wadda za ta kwana a kunne, a samu maƙeri ya kafa ƙarfen dafawa daga gado zuwa ƙofa, a kuma rage tudun dokin ƙofar. Idan kwanciyar ta yi yawa, a riƙa juya ta bayan kowace awa biyu kamar yadda muke yi a nan, a duba ƙugu da diddige. Labule da shimfiɗa kuwa, a kawo mata ta taɓa ta zaɓa da kanta, kuma kada a hana yara shiga wurinta da sunan suna damun ta. Ka gaishe min da ita, ka ce zan kira ranar Juma'a bayan la'asar.