Katin Tarihin Hans von Luck da Na Saya a Bakin Kasuwar Dole

A wani ƙaramin shago da ke bakin kasuwar Dole, inda samari ke tura wa mutane waƙoƙi da wa'azi a waya, na sayi katin memori a kan jika biyu, wanda ke ɗauke da karatun tarihi cikin Hausa kashi goma sha biyu. An naɗe katin a cikin ƴar takarda, an rubuta mata da biro cewa “sojan Jamus na hamada”. Yaron shagon ya ce mini: “Baba, wannan sai kun dawo neman ci gabansa.” Na saurari karatun gaba ɗaya cikin mako biyu, kullum bayan sallar isha'i a ƙofar gida, kuma ina ganin ya cancanci a yi magana a kansa, domin alherinsa yana da yawa, giɓinsa kuma ba ƙarami ba ne.

Mutumin da ake ba da tarihinsa shi ne Hans von Luck, wanda aka haifa a garin Flensburg a 1911, ya shiga soja a 1929, ya rasu a Hamburg a 1997. A Yaƙin Duniya na Biyu, ya yi yaƙi a Folan a 1939, ya shiga Faransa a 1940 cikin runduna ta 7 ta tankokin yaƙi a ƙarƙashin Erwin Rommel, wanda dama ya taɓa koyar da shi a makarantar hafsoshi ta Dresden, sannan ya kai har kusa da Masko a ƙarshen 1941. Mai karatun ya jera waɗannan shekaru daidai, bai haɗa wani yaƙi da wani ba, kuma muryarsa a natse take, ba irin ta masu fassarar fim da ke ihu a kunnen mutum ba.

Inda karatun ya fi burge ni shi ne kashi na uku, wanda aka keɓe don bayanin aikin sojojin leƙen abokan gaba. Da yawa daga cikinmu, in an ce motar sulke, tankar yaƙi ce ke zuwa mana a rai, amma mai karatun ya bambanta su sarai. Ya bayyana cewa aikin bataliyar su von Luck shi ne ta yi gaba da sauran runduna da nisa, ta gano inda abokan gaba suke da yawansu da inda suka dosa, ta aika da labari ta rediyo, sannan ta janye kafin a rutsa da ita. Saboda haka motocinsu masu taya ne, sulkensu marar kauri, bindigarsu ƙarama mai bakin santimita 2, domin gudu aka fi buƙata daga gare su. Ya tsaya sosai a kan motar nan mai taya takwas wadda take da mazaunin direba biyu, ɗaya a gaba ɗaya a baya, ta yadda in an yi kiciɓis da abokan gaba a ƙunƙuntar hanya ba sai an juya ta ba, direban baya ne kawai zai kama sitiyari a koma inda aka fito. Ya kwatanta waɗannan sojoji da ɗan gaban ayari wanda madugu ke turawa ya duba rijiya kafin raƙuma su iso, kuma duk wanda ya san labarin azalai da hanyar Bilma zai gane nufinsa nan take. Maƙwabcina, tsohon direban babbar mota, sai da ya sa na maimaita masa wurin nan sau biyu.

A 1942 von Luck ya isa Libiya, ya karɓi jagorancin bataliya ta 3 ta leƙen abokan gaba a runduna ta 21, aka ji masa rauni a yaƙin Gazala, ya warke ya dawo kafin karawar El Alamein a Masar. An ba shi aikin tsaron gefen kudu, can cikin rairayi, inda ruwa da mai suka fi harsashi tsada. Bayanin ƙishirwa da guguwar ƙasa da yadda yashi ke cin inji ya fito da kyau, har mutum ya ji kamar a arewacin Tanut ake. Sauran rayuwarsa kuma an bi ta da sauri: yaƙin Normandi na Faransa a 1944, kamun da sojojin Tarayyar Sobiyet suka yi masa a yankin Halbe a watan Afrilu na 1945, zaman fursuna na kusan shekara biyar wanda ya yi mafi yawansa a Jojiya, da abotar da ya ƙulla a tsufansa da Manjo John Howard na Ingila, wanda suka yi gaba da juna a Normandi.

Ta fuskar sauti akwai gyara. Kiɗan da aka sa a ƙarƙashin murya ya yi ƙarfi a kashi na biyar, kashi na takwas kuwa ya yanke a tsakiya. Da na koma shagon, yaron ya sake tura mini shi ba tare da ya karɓi ko dala ba, ya kuma ba ni haƙuri cikin ladabi.

Babban ƙorafina yana wani wuri dabam. Kusan duk abin da mai karatun ya faɗa, daga bakin von Luck ya fito, wato daga littafin tarihin kansa da ya wallafa a 1989, amma ko sau ɗaya ba a gaya wa mai sauraro haka ba. Labarin yarjejeniyar da ya ce sun yi da sojojin Ingila ta dakatar da faɗa da ƙarfe biyar na yamma, da labarin hafsan Jamus da ya ce ya tsare da bindiga a ƙauyen Cagny na Normandi don ya juya igwa a kan tankokin Ingila, duk an kawo su tamkar abin da kowa ya shaida, alhali kuwa wasu masu bincike sun yi jayayya a kan na biyun. Mai ba da labarin kansa yakan zaɓi abin da zai tuna, kuma haƙƙin mai sauraro ne a sanar da shi daga wa ake ji.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, cikin kashi goma sha biyu ba a ambaci baƙar fata ko ɗaya ba. A watan Yuni na 1940, sojojin Jamus sun kashe ɗimbin sojojin Afirka da ke yi wa Faransa yaƙi bayan sun miƙa wuya, saboda launin fatarsu kawai. A garin Airaines, ranar 7 ga watan, aka harbe Kyaftin Charles N'Tchoréré, haifaffen Gabon, saboda ya nemi a ɗauke shi a matsayin hafsa kamar takwarorinsa Turawa, kuma masana tarihi sun danganta kisan da sojojin runduna ta 7, wato rundunar da von Luck ke ciki. Ba ina ɗora wa von Luck wannan jini ba ne. Abin da nake cewa shi ne, karatun da aka shirya da Hausa, aka sayar a Damagaram, a ƙasar da ita ma aka ɗebi ƴaƴanta aka sa musu kakin Faransa, bai kamata ya yi ta yabon ladabin hafsoshin Hitila ba har ya manta da waɗanda ladabin bai kai gare su ba. Makarantar soja ta Saint-Louis a Senegal tana ɗauke da sunan N'Tchoréré har yau, amma samarin da suka saurari katin tare da ni babu wanda ya taɓa jin sunan.

Duk wanda ke son ya fahimci yadda ake leƙen abokan gaba da motocin sulke, jika biyunsa ba za su tafi a banza ba, kuma zan ba malaman tarihi shawara su nemi kashi na uku musamman. Na rubuta sunan N'Tchoréré da na Airaines a takarda na bai wa yaron shagon, na ce masa: “Ɗana, in mai karatun nan ya zo, ka miƙa masa, ka ce wani dattijo yana roƙon a ƙara kashi na goma sha uku.” Ya karɓa da hannu biyu, ya sa takardar a ƙarƙashin kwamfutarsa.